Na hana zubar da baƙin mai a rafi, yanzu kowa a wurin aiki ya juya mini baya

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 29, wata takwas ke nan da aka ɗauke ni jami'in kula da muhalli a wani kamfanin haƙar ma'adinai. A bayan garejinmu akwai rafin da ƙauyuka biyu ke sha, suna kuma shayar da dabbobi. Kanikawa suna juye baƙin mai a ƙasa, direbobin tifa suna wanke mota a bakin rafin, mai tankar ruwa ba ya yayyafa hanya sai ranar da baƙi za su zo, tsofaffin batura kuwa fasa su ake a sayar da dalmar. Na kafa alluna, na tara su na yi musu lacca, har na sa an yanke wa mutum shida albashi. Abin bai ragu ba, sai dai ya koma dare. Sun sa mini suna Duba-gari, in na shiga rumfar cin abinci sai a yi tsit. Babban bakanikenmu, sa'an mahaifina, ya daina amsa gaisuwata tun ranar da na yi masa faɗa a gaban yaransa. Manaja kuma tambayarsa ɗaya ce kullum: tifa nawa aka fitar? Malam, mutanen nan ba su da imani ne, ko ni ne ban iya ba? Ina tunanin ajiye aikin.

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ajiye aikin nan tukuna, zauna mu yi magana.

Wasiƙarka ta taɓa mini wani tsohon miki. A Bukuru na tashi, haƙar kuza ce ta kai kakana can, kamar yadda ta kai dubban Hausawa tsaunukan Jos tun farkon ƙarnin da ya wuce. Abin da muka buɗe ido muka gani shi ne kududdufan da kamfanoni suka haƙa suka tafi suka bari. Ruwa kore shar, ba ka ganin ƙasansa, gaɓarsa a tsaye kamar bakin rijiya. Babu uwar da ba ta yi wa ɗanta kashedi a kan zuwa wurin ba, don kowa ya san gidan da ruwan ya ci wa yaro. Kuza ta tafi Ingila, ramukan suna nan har yau. Kakana kuwa, wanda da guminsa aka haƙa wasu daga ciki, mutum ne da ba ya iya wuce ƙaya a hanya bai sunkuya ya kawar ba. Saboda haka tambayarka ko mutanenka ba su da imani, amsata a'a ce, da babbar murya. Mutum yakan zama mai tausayi a gidansa, ya zo wurin aiki ya yi ɓarnar da ko a ransa bai ɗauke ta ɓarna ba. Aikinka shi ne ka gano abin da ke sauya shi tsakanin ƙofar gidansa da ƙofar gareji.

Sunan da suka laƙaba maka ya faɗa maka rabin labarin. Tambayi kowace tsohuwa yadda ake yi da duba-gari a da. Da an hango shi ya shigo unguwa sai labari ya riga shi gida-gida, a zubar da ruwan randar da ya yi tsutsa, a share tsakar gida, a rufe masai. Yana juya baya kowa ya koma harkarsa. Tsaftar tasa ce, ba tasu ba. Haka rafin nan ya zama a idon ma'aikatanka: rafinka ne, dokarka ce, su kuma nasu su kauce wa idonka. Mutum shidan da aka yanke wa albashi ba su koyi cewa baƙin mai guba ne ba. Abin da suka koya shi ne kada su bari ka gan su. Shi ya sa aikin ya koma dare.

Tara tana da wata illar da ba kowa ya lura da ita ba. Wasu masana biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, sun yi gwaji a gidajen rainon yara 10 a birnin Haifa na Isra'ila, suka fitar da sakamakon a shekarar 2000. Iyaye kan makara wajen ɗaukar 'ya'yansu, sai aka sa tarar kuɗi kaɗan a wasu gidajen. Makarar ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi har kusan ninki biyu, kuma da aka cire tarar ba ta koma yadda take ba. Da can kunyar mai rainon ce ke sa uba ya yi sauri. Da aka sa wa abin farashi sai kunyar ta fita, ya zama ciniki: na biya, ba wanda ke bi na bashi. Ban ce a soke hukunci ba. Wanda aka tanadar wa komai, aka yi masa magana sau ɗaya sau biyu, ya ƙi da gangan, a hukunta shi. Kai dai da abin da ya kamata ya zo ƙarshe ka fara.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Icek Ajzen, ya tsara wani bayani a 1991 wanda har yanzu masu binciken halin ma'aikata ke dogara da shi. A taƙaice, kafin mutum ya ƙudura yin abu, zuciyarsa tana auna abu uku: shin abin nan yana da kyau a ganina, me waɗanda nake jin nauyinsu za su ce, kuma zan iya kuwa? Wata takwas ka yi kana dukan na farko da allo da lacca. Sauran biyun, inda matsalarka take, ba ka taɓa su ba.

Ɗauki maganar iyawa. Gobe ka ajiye littafinka a ofis, ka je ka tsuguna kusa da bakaniken da ke kwance a ƙarƙashin tifa da azahar. Ƙasa tana ƙuna a bayansa, direba yana tsaye a kansa yana ƙorafin an ci masa sawu biyu, ya kwance noti, mai mai zafi ya zubo wanda ya fi ƙarfin bokiti ɗaya. Ina mazubinsa? In akwai duro, ƙirga taku nawa ne daga nan zuwa can, kuma duba ko a cike yake tun watan jiya. Mafi yawan abin da muke kira taurin kai a wurin aiki, in ka matsa kusa, gajiya ce da rashin kayan aiki. Duro guda a raba shi biyu a tsaye ya zama kasko, a yi masa hannuwa, a ajiye babban duro mai murfi da mazurari a inda ake juyen, da buhun garin katako ko yashi don tsotse abin da ya ɗiga. Direba yana zuwa rafi ne saboda can ruwa yake, ba ya jiran kowa. In aka yi daɓen siminti da famfo da ramin da zai tare ruwan wankin, hanyar rafi za ta yi masa nisa. Mai tanka kuma, ka taɓa tambayarsa lita nawa na gas ake ba shi a mako, da wanda yake yi masa faɗa in ya ƙare da wuri? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Batun batir da kuɗi a ciki, kada ka rufe ido a kan haka. Wanda ke fasa batir yana samun na cefane. In ka hana shi ba ka maye masa da komai ba, a ganinsa ka shiga tsakaninsa da tukunyar gidansa ne. Ka nemi kamfani ya riƙa tara baturan ba tare da an fasa ba, da baƙin man da aka tara, a sayar wa mai lasisin karɓa, a ware wani kaso ya shiga asusun gareji, su da kansu su yanke abin da za a yi da shi. Ka kuma bi sawu ka san inda mai sayen yake kai kayan, kada gubar ta tashi daga ƙauyenku ta sauka a na wasu.

Sai maganar idon jama'a, wadda a ƙasarmu ta fi kowace nauyi. Me ka rubuta a allunan, me ka faɗa a laccar? Ina kyautata zaton ka ce musu kowa a nan yana zubar da mai, kowa yana ɓata rafi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Cialdini, da abokan aikinsa sun gwada irin wannan a wani gandun gwamnati a jihar Arizona ta Amurka, inda baƙi ke satar gutsattsarin itatuwan da suka daskare suka zama dutse. Inda aka kafa allon da ke cewa baƙi da yawa sun kwashe, kusan kashi 8 cikin 100 na gutsattsarin da aka ajiye sun ɓace. Inda allon ya ce kawai don Allah kada a ɗauka, abin da ya ɓace bai kai kashi 2 ba. Kunne yana jin tsawa, amma zuciya abin da take ɗauka shi ne ashe kowa ma yana yi. Cikin ma'aikatanka akwai wanda ke tara mansa a galan ba wanda ya sa shi, akwai direban da ke rage gudu in ya zo kusa da gidajen mutane don kada ya bule su da ƙura. Ka neme su, ka ambace su a taron safe, ka sa sabon ɗauka ya fara aiki a hannunsu.

Wannan ya kawo mu kan babban bakanike, kuma a nan zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi: ka yi kuskure. Ba a dokar ba, a yadda ka isar da ita. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa yara riƙon sufana, wanda kalmarsa ce doka a garejin, ka tsaya a gaban yaransa ka ɗaga masa murya. Ba mai ka hana shi zubarwa ba, girmansa ka zubar, kuma duk yaron da ke wurin ya ji a ransa cewa bin maganarka cin amanar maigidansa ne. Ko alluna ɗari ka kafa, shi suke kallo. In ya juye a duro za su juye a duro ko kana nan ko ba ka nan.

Ka same shi a gida, ba a gareji ba. Ka tafi da wani dattijon da yake jin nauyinsa, ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda za ka gai da mahaifinka, ka ce Baba na yi maka rashin kunya, ka yafe mini. Kada ka haɗa da amma. In ya sauko, ko a ranar ko wata rana, ka ce masa kai karatu ka yi, shi aiki ya sani, ta yaya za a tare man nan bai kai ƙasa ba? Za ka yi mamakin abin da zai ƙera maka da guntun ƙarfe da walda. Wasu masana halayyar ɗan Adam, Edward Deci da Richard Ryan, sun shafe shekaru suna nuna cewa mutum ya fi dawwama a kan abin da ya ji shi ya zaɓa, ya ji ya iya, kuma ya ji yana yi ne tare da mutanensa. Kaskon da Baba ya ƙera da hannunsa ba zai bari wani yaro ya yi wasa da shi ba. In an yaba, ka bar yabon ya tafi wurinsa.

Akwai kuma abin da ido bai gani ba. Bakanike ya juye mai, ƙasa ta shanye, a wurinsa magana ta ƙare. Ba ya nan ranar da ruwan sama zai wanke shi zuwa rafi, ba ya nan sa'ad da yarinya za ta sa ƙwarya ta kore maiƙon da ke saman ruwan kafin ta ɗiba. Ka tuna Zamfara. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka ga girman abin a Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu. Iyayen suna neman zinariya ne don su ciyar da yaran nan, suna niƙa dutsen a cikin gida, ba su san yana ɗauke da dalma ba. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Babu uban da ya yi da gangan. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan dalmar. Mai fasa batir yana kai ta gida a wandonsa da takalminsa da ƙarƙashin farcensa, kuma wanda ya fara rugowa ya rungume ƙafarsa a zaure shi ne ƙaramin cikin 'ya'yansa. Wannan za ka gaya masa, kai da shi, cikin taushin murya. Kalmar muhalli ba ta da fuska a wurinsa, ɗansa yana da ita.

Haka ƙura. Ƙurar dutsen da ke da silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu da yawa, tana taruwa a huhu ta taurare shi, ba ta da magani, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. A Afirka ta Kudu sai da manyan kamfanonin zinariya suka amince a 2018 za su biya rand biliyan 5, kuɗin ƙasar, ga tsofaffin ma'aikatan da ta nakasa. Huhun farko da ƙurar hanyarku ke shiga na direba ne da na mai aiki a injin fasa dutse, kafin ta kai ƙauye.

Gani ya kori ji. Wata rana ka ɗauki mutum huɗu ko biyar, har da Baba in ya yarda, ku bi rafin da ƙafa tun daga bayan gareji har mashayar ƙauyen. Kai ka yi shiru. Ka bar mai unguwa ya yi magana, ka bar makiyayi ya faɗi yadda shanunsa ke shinshina ruwan su ja da baya. Cikin leburorinku akwai 'yan ƙauyukan nan, uwayensu ke ɗiban ruwan, amma da yake su ne na ƙasa ba wanda ke tambayarsu. Baƙon da ya zo daga nesa yana kwana a bariki bai da abin da ya ɗaure shi da wurin, sai in ya san cewa matar da ke wanki a can mahaifiyar abokin cin tuwonsa ce. Addini ma yana tare da kai. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kashedi a kan ƙazantar da mashaya da hanya da inuwa, ya kuma sanya kawar da cuta daga hanya cikin sadaka. Amma kada ya fito daga bakin da ya yanke albashi, zai zama kamar sanda ta biyu. Ka roƙi mai jan sallah a masallacin wurin aikinku ya taɓo shi, abokan aikinka Kirista kuma ka yi magana da wanda suke saurara.

Yanzu manaja, domin ba adalci ba ne a ɗora komai a kan lebura. Ma'aikaci ba ya karanta manufar kamfani a takarda, yana karanta ta a tambayar da oga ke yi kowace safiya. Tankar da ba ta fita sai ranar baƙi tana koya wa kowa cewa kula da muhalli kwalliya ce ta ganin ido. Kuma ɗan wucin gadin da ba a ba takunkumi ba, wanda albashinsa ke makara, da wuya ka sa shi kishin sunan kamfanin da bai yi kishin huhunsa ba. In kana so su yarda cewa don mutane kake yi, su fara ganin kana yi musu faɗan takunkumi da safar hannu da ruwan sha kamar yadda kake yi wa rafi.

Ka yi wa manaja magana da harshen da yake ji. Ranar da matasan ƙauye suka gaji suka datse hanya, ba tifa ko ɗaya da za ta fita, asarar yini guda ta fi kuɗin duro da daɓen siminti nesa ba kusa ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa yarjejeniya da al'ummar da ke wurin da kuma shirin gyara ƙasar da aka haƙa, akwai dokar auna illa ga muhalli ta 1992, kuma ma'aikatar ma'adinai ta tarayya tana da sashen da ke bin diddigin waɗannan. Ka rubuta buƙatunka a shafi ɗaya da farashin kowanne, ka riƙe kwafi mai kwanan wata. Sannan ka roƙe shi abu guda da ba zai ci masa ko sisi ba: bayan ya tambayi tifa nawa aka fitar, ya ƙara da sau nawa tanka ta zagaya jiya. In ya yi mako biyu yana wannan tambayar a gaban kowa, za ka ga abin da allunanka ba su yi ba.

Akwai wani abin da zai iya ruɗa ka in gyara ya fara kama. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi nazarin ma'aikatan jinya a tsakiyar shekarun 1990, ta tarar rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci su suka fi yawan kurakurai a rubuce. Ba don sun fi kuskure ba, sai don ba sa tsoron faɗa. Ka sanar cewa duk wanda mai ya zube masa, ya zo ya faɗa aka kwashe tare, ba abin da za a yi masa, kuma ka cika alkawarin ko manaja ya matsa. Littafinka zai cika da rahoton zubewa fiye da da. Kada ka firgita, kuma ka shirya manaja tun da wuri kada shi ya firgita. Abin da ake yi da dare ne ya fara dawowa rana.

Game da ajiye aiki, ga iyakar da nake ganin ta dace. In ka rubuta, ka roƙa, ka jira, aka hana ko duro, sannan aka kawo maka rahoton da ke cewa ruwan rafin lafiya lau aka ce ka sa hannu, kada ka sa. Wannan shaidar zur ce a kan lafiyar mutanen da ba su san ana yi ba, kuma sunanka ne zai zauna a takardar bayan manajan ya koma wani wuri. A ranar kana da hujjar tafiya, da ta kai maganar inda doka ta tanada. Amma abin da ka ba ni labari bai kai nan ba. Ka fara da gidan Baba a Juma'ar nan bayan la'asar, ka riƙe goro a hannu. Ka yi ƙoƙari kasko da daɓen su kammala kafin ruwan farko, domin shi ne zai kwashe duk abin da ƙasar garejin ta sha da rani ya kai rafi. In damina ta sauka ka sake rubuto mini, ina so in ji ko ya fara amsa gaisuwarka.